Uban da ya take motar kara, ya miƙa salula

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

 Saƙon yau yana da tsawo, ku daure ku kai ƙarshensa, domin magana ce a kan ƴaƴanmu, kuma kaso mafi girma na laifin da za a ambata a ciki namu ne, mu iyaye.

Kwanakin baya na ga wani abu a ƙofar wani gida cikin unguwarmu, har yanzu bai bar zuciyata ba. Wani yaro ɗan kimanin shekara tara ya kwana biyu yana haɗa mota. Ya feƙe karan hatsi ya yi mata jiki, ya yanko ƙafafu daga tsohon takalmin soso, ya ciro ɗan inji daga wata rediyo da ta mutu, ya ɗaura masa pil biyu da zaren roba. Motar ta yi tafiyar taku huɗu a kan dakali, sannan ta kife. Yaron na tsugune yana neman abin da ya kifar da ita, sai ga mahaifinsa ya dawo daga kasuwa. Ya dube shi ya ce ya tara masa bola a ƙofar gida, ya ɗaga ƙafa ya take motar. Yaro ya fashe da kuka. Da kukan ya ishi uban, sai ya sa hannu a aljihu ya zaro salula ya miƙa masa, ya ce: "Ungo, je ka yi wasa, ka bar ni in huta."

Wannan uba mutumin kirki ne. Tare muke tsayuwa a sahun farko, kuma na tabbata ya kwanta a daren nan yana ganin ya yi tarbiyya. Abin da ya sa nake rubutu ke nan. Mun ɗauki sanda muna kai wa wasan da ke gina yaro duka, wanda ke cinye shi kuwa mu muke saya masa kiredi.

*Abin da ke cikin salular nan*

Mafi yawanmu ba mu taɓa zama mun kalli abin da yaran ke bugawa ba. Mun dai san in an wuce fada bayan isha'i, za a ga fuskoki biyar ko shida hasken salula ya haske su, shayi ya huce babu mai kula shi. To bari in gaya maka abin da ke ciki.

Daga cikin wasannin da suka fi yawo a hannun samari akwai Free Fire, wanda kamfanin Garena na Singafo ya fitar a 2017, da PUBG Mobile da ya fito a 2018. Tsarinsu ɗaya ne. Ana zuba ƴan wasa a wani tsibiri, mutum hamsin a Free Fire, ɗari a PUBG, kowa ya nemi makami, filin yana ta ƙanƙancewa har sai mutum ɗaya ko ƙungiya ɗaya ta rage. Zagaye guda yakan ci kimanin minti goma a na farko, a na biyu kuwa yana iya kai rabin awa. Da yawa daga cikin sauran ƴan wasan mutane ne na gaske, kowa a garinsa, intanet ce ta haɗa su. Saboda haka babu maɓallin tsayarwa. Wanda ya aje salula a tsakiyar zagaye an kashe shi, matsayinsa ya ragu, abokan ƙungiyarsa kuma su zage shi.

Dattawanmu masu dara a gindin bedi, in ladan ya yi kira sai su kakkaɓe riga su tafi masallaci, su dawo su tarar da itatuwansu a gurabensu. Wasan salular nan an gina shi ne yadda barinsa zai yi zafi. Duk lokacin da ka ce wa ɗanka "tashi, an tada iƙama" ya amsa maka da "Baba, bari in gama wannan", ka sani gaskiyarsa ya faɗa: ba a ba shi ƙofar fita ba. In ya gama wannan ɗin, na gaba yana jiran taɓawar yatsa ɗaya.

Za ka ce ai kyauta ake sauke wasan. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Ana ba yaro ƴar kyauta kowace rana in ya shiga, domin kada ya tsallake rana. Ana buɗe zango na ƴan makwanni mai ɗauke da tufafi da makaman ado, wanda bai samu kafin a rufe ba ya rasa. Ana sayar da kuɗin cikin wasa da kuɗinka na gaske: daimon a Free Fire, UC a PUBG. Mafi muni shi ne akwatin sa'a da juyin sa'a: yaro ya biya, bai san abin da zai fito masa ba, watakila abin da yake kwaɗayi, galibi kuma tarkacen da bai nema ba, sai ya sake biya. Ku da kuka zauna gaban malamai, wane suna fiƙihu ya ba cinikin da mai saye bai san abin da ya saya ba? Shi ne garari, irin sayar da kifi a cikin ruwa da tsuntsu a sararin sama, kuma tazarar da ke tsakaninsa da caca ba ta kai kamu ɗaya ba. A 2018 hukumar kula da caca ta ƙasar Beljiyam ta yanke cewa irin waɗannan akwatunan da ake saye da kuɗi caca ne a dokarsu. Su da ba su karanta babin ciniki ba sun gane, mu da muka karanta muna tura kuɗin.

Ƙasar Sin, wadda kamfaninta Tencent ke bayan PUBG Mobile, ta kafa doka a watan Agusta na 2021: duk wanda bai kai shekara 18 ba, awa ɗaya kawai zai yi wasan intanet, daga ƙarfe 8 zuwa 9 na dare, ranakun Juma'a da Asabar da Lahadi da ranakun hutu. Awa uku ke nan a mako. Mai tuyar da kansa ya ƙayyade wa ƴaƴansa abin da za su ci, mu masu saye mun sakar wa namu tire. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta sanya kamuwa da wasan bidiyo cikin kundin cututtukanta da aka amince da shi a 2019, ya fara aiki a 2022. Alamominsa: mutum ya kasa mallakar lokacin farawa da dainawa, ya fifita wasa a kan sauran al'amuran rayuwarsa, ya ci gaba duk da yana ganin ɓarnar da yake yi masa, kuma abin ya ɗore kamar shekara guda.

Ko a wajen aƙida ba a bar mu lafiya ba. A 2020 PUBG Mobile ya shigo da wani sashe inda ɗan wasa ke rusuna wa gunki domin ya samu ƙarin ƙarfi. Sai da Musulmi suka yi ca a ƙasashe da yawa sannan kamfanin ya cire shi ya ba da haƙuri. Iyaye nawa ne a Maraɗi ko Damagaram suka san an yi haka a cikin ɗakin ƴaƴansu?

Ka yi wannan lissafi da kanka. Awa uku kowace rana, a shekara awa 1095 ne, wato sama da kwana 45 dare da rana. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya faɗakar da mu cewa lafiya da sararin lokaci ni'imomi ne da mutane da yawa ke tafka hasara a cikinsu, kuma za a tambayi bawa yadda ya ƙarar da rayuwarsa da ƙuruciyarsa. Yaron da bai balaga ba alƙalami bai hau kansa ba tukuna. To wa za a tambaya kwana 45 ɗin nan?

*Ga masu cewa duk wasa haramun ne*

A ɗaya gefen akwai ƴan'uwanmu masu saurin hukunci. Da sun ga yaro da wani abu a hannu wanda ba allo ba, sai su ce lahawu ne, sheɗan ne. Ina girmama kishinsu, amma ina ce musu su ji tsoron Allah a kan kalmar haram, domin haramta abin da Allah bai haramta ba shi ma laifi ne. Kuma wannan tsanani yana daga cikin abin da ya kore mana yara: in komai haramun ne, yaro ba ya sake bambanta babba da ƙarami, sai ya je ya yi duka a ɓoye.

Shari'a ba ta taɓa yi wa wasa kuɗin goro ba. Uwar Muminai A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, tana da ƴan tsana da take wasa da su tare da ƙawayenta a gidan Annabi, har da wani doki mai fukafukai, ya gani ya tambaye ta, amsar da ta ba shi ta sa shi dariya. Habashawa sun yi wasan masu a cikin masallaci ranar idi, ya tsaya ya kare ta da mayafinsa tana kallo. Ya yi tseren gudu da ita. Rubayyi'u ƴar Mu'awwiz ta ba da labarin cewa sukan sa yaransu azumin Ashura, su yi musu abin wasa da gashin tumaki, in yaro ya yi kukan yunwa a miƙa masa ya shagala har a sha ruwa. Ku duba da kyau: iyayen ne suka yi abin wasan da hannunsu, suka mai da shi mataimaki a kan ibada. Risala ta Ibn Abi Zaid da ake karantawa a zaurukanmu ta hana wasan nardi da shaɗaranji, a wuri guda kuma ta halatta tseren dawaki da raƙuma da harbin kibiya. Malaman sun tace, sun ware. Mu ma tacewa aka ɗora mana.

Ga ma'aunin, ka auna kowane wasa da shi. Shin yana tauye wajibi, salla ko karatu ko aiken iyaye? Shin akwai caca ko garari a cikinsa? Shin abin da ido ke gani da kunne ke ji a ciki halal ne? Shin mai yinsa yana iya ajewa in an ce ya aje? Samari biyu da suka buga ƙwallo a PlayStation na ɗan lokaci bayan la'asar, suka tashi kafin magariba, babu sa kuɗi tsakaninsu, ban ga hujjar tsine musu ba. Amma wasan da ya faɗi a tambaya ta farko da ta biyu da ta huɗu, kowace rana, a gidanka, ba ka bukatar fatawa daga nesa kafin ka san abin da ya wajaba a kanka.

*Motar da aka take*

Yanzu mu koma kan dakali. Abin da yaron nan yake yi, Turawa sun mai da shi masana'anta. Wani kafinta mai suna Ole Kirk Christiansen ya fara sassaƙa kayan wasa na katako a garin Billund na ƙasar Danmak a 1932, ya sa wa kamfaninsa suna LEGO, daga kalmomi biyu na harshensu masu ma'anar a yi wasa da kyau. A 1958 suka yi rajistar ƴan tubalan robar nan masu kama juna, kuma tubalin wancan lokaci har yau yana shiga cikin na yanzu. A 1998 suka fitar da Mindstorms, bayan aiki tare da masana na jami'ar MIT a Amurka: tubali mai ƙwaƙwalwa, da ƙananan injuna, da na'urori masu jin haske da taɓawa. Yaro zai haɗa robo da hannunsa, ya rubuta masa umarni a kwamfuta, ya aje shi ya bi layi ko ya kauce wa bango. Sun daina yinsa a ƙarshen 2022, amma ire-irensa sun cika makarantu, kuma akwai manya da yara masu watsi da takardar umarni su ƙera nasu samfurin daga kansu.

Mene ne yaro ke samu a nan? Ya ƙudura abu a zuciyarsa, ya haɗa, ya ƙi aiki, ya nemi dalili, ya warware, ya sake. Yana koyon ma'auni da daidaiton nauyi, yana koyon haƙuri, yana koyon cewa kuskure yana da sababi kuma ana iya gano shi. In aka kira salla ya aje, ya dawo ya tarar da aikinsa inda ya bar shi. In ya gama, akwai abin da zai ɗauka ya nuna wa uwarsa. Mai harbi a tsibiri in kiredi ya ƙare, me ya rage a hannunsa?

Kada wani ya ce wannan aikin Nasara ne. A ƙarni na tara na Miladiyya, ƴan'uwa uku ƴaƴan Musa bin Shakir, Muhammadu da Ahmadu da Hasan, sun rubuta littafi a Bagadaza mai bayanin na'urori kusan ɗari. A 1206 Isma'il al-Jazari ya kammala nasa a Diyarbakir, cikin Turkiyya ta yau, da na'urori hamsin da yadda ake ƙera kowace: agogunan ruwa, injunan ɗago ruwa, har da na'urar da ke zuba wa mutum ruwan alwala. A zamaninmu kuma, William Kamkwamba na ƙasar Malawi ya bar makaranta saboda yunwa ta hana iyayensa biyan kuɗi. Yana ɗan shekara 14 ya haɗa injin iska da tarkacen keke da fankar tarakta, ya kunna wuta a gidansu. Da an take masa tarkacensa, da a duhu za su ci gaba da kwana.

Wani zai tambaya game da sura. A mazhabarmu ta Malikiyya abin da aka haramta shi ne mutum-mutumin abu mai rai, mai cikakkun gaɓoɓi, mai inuwa, kuma malamai irin su Alƙali Iyad sun ambata cewa an keɓe ƴan tsanar yara mata saboda hadisin A'isha. Mota da jirgi da famfo da fanka da injin ɗaga kaya babu saɓani a kansu. Wanda zuciyarsa ba ta natsu da robo mai siffar mutum ba, sai ya karkatar da ɗansa zuwa waɗannan, filin yana da faɗi.

Wani kuma zai ce tubalan nan na masu kuɗi ne. Gaskiya ne suna da tsada, kuma ban ce ka saya ba. Kara yana gona, gwangwani da waya da marfin kwalba suna bola, matacciyar rediyo tana ƙarƙashin gado. Mu da muka girma muna jan motar langa-langa a lungu, muna gina shanun laka a bakin tabki, yaushe muka fara jin kunyar abin da ya raine mu? Inda ake da kwamfuta kuma, akwai Scratch da MIT ta fitar kyauta a 2007, yaro na iya ƙera wasansa da kansa maimakon ya zama abin farautar wasan wani. Shi ma ginin nan ma'auni ɗaya ke kansa: in ya hana salla ko hadda, a tsayar da shi.

*Abin da ya hau kanmu*

Kai uba, kiwo aka ba ka kuma za a tambaye ka. Fara da kanka, domin barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Yaron da ke ganinka kana jan allon salula tsakanin sallama da tasbihi ba zai ji wa'azinka ba. Ka sa doka: bayan isha'i duk salular gida a ɗakinka take kwana, har da ta babban ɗa. Ka zauna gefensa sau ɗaya ka kalli zagaye guda daga farko har ƙarshe, ka san abin da kake hanawa ko kake bari. Kada ka tura kuɗin akwatin sa'a ko da dala ɗaya. Ka ware masa kwali a lungun gida inda zai tara kayan haɗinsa babu mai zubar masa.

Ke uwa, na san hidima ta yi miki yawa, kuma salula tana sa yaro shiru cikin minti ɗaya. Amma shirun nan bashi ne, da ruwa za a biya shi. Ki ba shi kara da zare, ki jure wa sharar.

Ku kwamitin masallaci, a cikin sahunku akwai mai gyaran rediyo, akwai mai walda, akwai kafinta da makanike. Ranar Alhamis da makarantar allo ke hutu, ko lokacin bakansi, me zai hana ɗayansu ya zauna da yaran unguwa awa guda a inuwar masallaci, ya nuna musu yadda ake haɗa pil da ƙwai ya kama? Yaron da ya saba zuwa harabar masallaci domin abin da yake so, kiran salla zai same shi a kusa.

Kai mai ɗakin wasa, neman halal kake yi, to ka tsarkake shi. Ka kashe na'ura in an kira salla. Ka kori mai rigar lakwal a lokacin darasi. In yaro ya zo maka da jaka guda alhali ka san gidansu, ka tambaye shi inda ya samo.

Kai saurayi da ka balaga, babu wanda zai ɗaukar maka. Ka gwada kanka kwana bakwai ba tare da wasan ba. In ka iya, alhamdu lillahi, ka ƙayyade masa lokaci. In ka kasa, ka san an sa maka linzami, kuma wanda ya sa maka ba ya nufinka da alheri.

Bayan uban nan ya shiga gida, na ɗauki ragowar motar na duba. Pil biyun duka a gefe ɗaya yaron ya ɗaura su, nauyi ya rinjaya, shi ya sa ta kife. Da an bar shi minti goma da ya gano da kansa, kuma da bai sake mantawa da darasin ba har ya tsufa. Ɗan'uwana, in saƙon nan ya iso gare ka, ka san kanka. Ban rubuta domin in kunyata ka ba, ni ma na taɓa miƙa salula domin in huta. In ka fito daga magariba yau ka biya ta shago ka sayi pil biyu, ka kira shi, ka ce ya nuna maka yadda ya haɗa ta.

Allah Ya shirya mana zuriyarmu, Ya sanya su masu tsai da salla, Ya yi albarka a hannuwansu da lokutansu, Ya yafe mana sakacinmu a kan amanar da Ya ba mu. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren kuwa nawa ne. Ku tura wa duk uban da kuka san zai amfana.